Ƙarin gashin ido, baƙin lalle da sauran gyaran jiki a Legas: tambayoyin da mata ke yawan yi mini

Ina sana'ar kunshi da gyaran amare a Agege tun ina yarinya ina taya gwaggona kwaɓa lalle, amma a 'yan shekarun nan rabin hirar ɗakina a kan gashin ido ake yin ta. Amare na tambaya, iyayensu na tambaya, matan aure daga Idi-Araba da Mile 12 da Obalende na turo mini hoton ido a kumbure da tsakar dare. Ni ma na sa sau uku kafin na bari. Ga tambayoyin da suka fi dawowa, da amsar da nake bayarwa.

Wai mene ne bambancin ƙarin gashin ido da wanda ake sayarwa a kwali?

Iri uku ne, kuma yawancin matsala daga rashin bambance su take tasowa. Na kwali yana zuwa ne a jere kan siririn zare, ki manna da safe ki ɓare da dare. Na biyu na dunƙule ne, silin gashi da yawa a haɗe a gindi ɗaya, ana jera miki su cikin minti ashirin. Shi ne ya cika ƙananan shaguna da hannun masu bi gida-gida. Na uku shi ne ƙari na gaske: a ware gashinki na asali sili-sili da hantsaki, a manna wa kowanne siririn gashin roba, nesa da fata da kamar milimita ɗaya.

A cikin na ukun ne za ki ji ana cewa kilasik, wato sili ɗaya a kan sili ɗaya, ko bolum, inda ake buɗe sirara da yawa kamar mafici a ɗora kan sili ɗaya, ko haibirid da ya haɗa biyun. Wanda ake tallatawa da sunan gashin dabba kuwa, mafi yawansa roba ne kamar sauran.

Me ya sa kike nacewa sai an ga kwalbar gam kafin a kwanta?

Saboda abin da na gani a gidanmu. Ƙanwar mijina ta je wani shago ana jibi kamunta, aka sa mata na dunƙule, ta dawo tana ta duba madubi tana murna. Da asuba sai ga ta a ƙofata, fatar idon nan biyu ta yi suntum kamar rina ta harbe ta, kwantsa ta liƙe gefe, hawaye na bin kunci. Gari na wayewa na tafi shagon. Na ce, "Anti, don Allah nuna mini gam ɗin da kika sa wa yarinyar nan." Ta jawo durowa ta miƙo mini wata baƙar kwalba mai hoton mace da gashin kanti har gadon baya, bakinta duk ya daskare, tana warin roba. Gam ɗin liƙa atach ne. Matar ba da mugunta ta yi ba, haka aka koya mata, haka kuma take yi wa kowa. Da baƙin gilashi aka yi kamun.

Gam ɗin atach yana ɗauke da ruwan roba, an yi shi don gashin kai, babu ruwansa da ido. Na ƙarin gashin ido sinadarinsa sayano-akirilet ne, dangin sufa-gulu, sai dai an tsara shi don wannan aiki, yana zuwa a 'yar mitsitsiyar kwalba, ɗigo ɗaya ake zubawa a gefe ana tsoma gindin gashi. Shi ma ba ruwan sanyi ba ne: tururinsa na sa ido yaji, shi ya sa ake aikin ido a rufe ruf. Ki karɓi kwalbar a hannunki, ki karanta abin da aka yi ta dominsa, ki tambayi ranar da aka buɗe ta. Gam da ya wuce wata ɗaya zuwa sati shida a buɗe ya fara lalacewa. Wadda ta san aikinta ba ta jin haushin wannan tambaya.

Ana jin zafi? Awa nawa ake yi?

Aiki mai kyau ba ya zafi, mata da yawa barci ma suke yi. Sa na farko yakan ci awa ɗaya da rabi zuwa uku. In kin ji suka, ko kamar ana jan fatar idonki duk sanda kika ƙifta, to an liƙe sili biyu ko uku wuri ɗaya, ko gam ya hau fata. Ki yi magana nan take, kada kunya ta sa ki daure.

Sati nawa yake yi, kuma me ya sa nawa ya zube da wuri?

Fatar ido ta sama tana da sili 90 zuwa 160, kowanne da ranar faɗuwarsa, kullum 'yan ƙalilan na zuba da kansu, su tafi da wanda aka manna musu. Don haka ake komawa ciko duk bayan sati biyu zuwa uku. In ba a koma ba, kafin sati shida ya zama giɓi-giɓi.

Legas kuma tana da nata halin. Danshin iska ne ke busar da wannan gam, danshin garin nan kuwa sau da yawa yana haura kashi 80 cikin ɗari, musamman da damina. A shagon da ba na'urar sanyaya ɗaki, ƙofa a wangale, gam kan bushe tun kafin gashin ya zauna, kwana uku ki ga yana bin tsumman goge fuska. Ki haɗa da zufar cikin danfo a cunkoson Oshodi, da tururin tukunya, da man da muke lafta wa fuska. Man kwakwa, man kaɗe da basilin duk suna sassauta shi. Sauran bayanin yana amsar wankewa a ƙasa.

Ya maganar alwala da wanka?

Wannan ce tambayar da ake yi mini cikin raɗa, tana kuma cikin abin da ya sa na bari. Magana biyu ce a ciki. Ta farko hukuncin ƙarin kansa: ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci mai ƙarin gashi da wadda ake yi wa. Malamai da yawa na wannan zamani sun shigar da gashin ido cikin wannan hani, wasu kuma suna ganin maganar gashin kai ce, suna bambanta gashin mutum da na roba. Ki je wa malamin da kika yarda da iliminsa, ki faɗa masa yadda abin yake dalla-dalla, don da yawa na zaton na kwali ake nufi.

Ta biyu ruwa. Gam ɗin nan in ya bushe ruwa ba ya ratsa shi, ga shi yana zaune kan gashinki sati da sati, mu kuwa tun a islamiyya aka koya mana a gusar da duk abin da zai hana ruwa isa gaɓa. Sannan a shago za a ce kada ruwa ya taɓa fuskarki na awa 24 zuwa 48. Salla nawa ke nan? Wasu sukan ce ai sai suna fashin salla suke sawa, to amma fashin kwanaki ne, gashin kuwa sati huɗu zai yi, wankan tsarki zai same shi a wurin. Ni dai da zuciyata ta ƙi kwanciya na koma na kwali, in sa bayan isha'i in za ni dina, in dawo in ɓare.

Ta yaya zan san ko jikina ba ya ɗaukar gam?

Ki sa a manna miki sili biyar ko shida a ƙarshen kowane ido, ki tafi gida ki jira awa 48. In tururi ne kawai ya dame ki, farin idon zai ɗan yi ja, ya washe kafin gobe. In jiki ne ya ƙi, fatar idon ce ke kumbura, galibi duka biyu, da ƙaiƙayi mai hana sukuni, yana ƙaruwa maimakon raguwa.

Abin da mata ba sa yarda da shi shi ne jiki na iya juyawa daga baya. Na sa na farko lafiya, na biyu lafiya, a hannun mace ɗaya mai tsabta, na ukun ne fatar idona ta yi kauri ta fara saɓa. In ya fara, yawanci ya zauna ke nan, kuma gam ɗin da ake cewa na masu laushin fata shi ma da wannan sinadarin a cikinsa.

Idona ya yi ja ya kumbura. Me zan yi yanzu?

In kina sa gilashin mannawa a ƙwayar ido, ki fara cire shi. In gam ne ya shiga, ki yi ta kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, ko na leda ne. In fatar ta manne da juna kada ki ɓanɓare da ƙarfi, ki ɗora tsumma mai ɗumi ki nufi asibiti. Don girman Allah kada a ɗiga nono, ko ruwan sukari, ko a ranƙaya kwalli wai ya kwashe dattin. Kada kuma ki ce afolo ce ki aika yaro kemis ya karɓo maganin ɗigawa. Wasu suna da sitiroyid, in akwai rauni a baƙin ido sai su ƙara ɓata shi, yawan amfani da su kuma na jawo hawan jinin ido.

Zafi mai tsanani, gani dishi-dishi, kasa kallon haske, ko mugunya, waɗannan ba sa jiran gobe. Akwai cibiyar ido ta Guinness a asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, akwai sashen ido a asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja. Ki tafi da hoton kwalbar gam ɗin a wayarki. Kumburin ba zai sauka yadda ya kamata ba sai an cire gashin. Duba amsar cirewa.

Gaskiya ne yana cinye gashin ido na asali?

Na dunƙule da aka bari ya kwana biyu yana yi, domin ya liƙe sili da yawa wuri ɗaya, mai tsirowa na jan wanda bai tashi faɗuwa ba. Haka bolum mai nauyi a kan siririn gashi, haka mai tsawon da ya wuce kima. Wadda nata gajere ne ta ce lallai sai mai milimita 15, ita ce ke dawowa da ido fayau. Galibi yana dawowa cikin wata biyu zuwa uku in an bar shi ya huta, amma in aka yi ta maimaitawa shekara da shekaru, saiwar kan gaji.

Ana wanke shi kuwa? Ni an ce kada in taɓa.

Bayan kwana biyun farko, wankewa dole ce, kullum. Wadda ta ƙi wankewa don kada ya zube, maiƙo da ƙura da hayaƙin janareto za su taru a gindin gashin, gefen ido ya fara ƙaiƙayi yana fitar da ɓawo kamar amosani, hazbiya ta biyo baya. Ki samu sabulun kumfa na wanke gashin ido da ɗan buroshi mai laushi, ki wanke daga sama zuwa ƙasa, ki ɗauraye, ki danna da tsumma marar gashi ba tare da murzawa ba, in ya bushe ki taje. Kwanciya rigingine ta fi masa.

Zan iya cirewa da kaina a gida?

Na kwali, eh. Na gaske kuwa akwai man cire shi na musamman da ake shafawa ido a rufe, minti kaɗan ya narkar da gam. Wannan man in ya shiga ido yana ƙuna, don haka ba aikin mutum ɗaya gaban madubi ba ne. Ki koma shago, ko ki bari ya zube da kansa. Tsigewa da farce ita ce ta fi komai ɓarna.

To kwalli fa? Ai shi namu ne na gado.

Namu ne, ni ma da shi na tashi, har yanzu ina da tandun kakata. Amma dutsen da ake niƙawa a yi tozali mai ƙyalli sau da yawa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri a birnin Boston da aka samu gubar dalma a jininsa, aka bi diddigi aka gano kwallin da aka kai daga Najeriya ne, wanda Yarbawa ke kira tiro. Da aka auna, fiye da kashi 82 cikin ɗari na garin dalma ne. Wanda ya tuna yaran da dalma ta kashe a Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ce. Yaro na murza ido ya kai hannu baki, nan take shiga. Na daina sa wa jarirai, ina kuma roƙon kakanni su bari. A kan ƙarin gashin ido kuwa, garin kwalli maƙalewa yake a gindin gam, wankinsa sai an sha fama.

Ta yaya zan gane shago mai kyau?

Kuɗin Lekki ko Allen ya ninka na unguwa sau da yawa, amma tsada kaɗai ba shaida ba ce. Ki lura ko ta wanke hannu, ko hantsakin daga cikin maganin tsabtacewa ya fito ko daga tsakanin kayan kitso, ko buroshin sabo ne, ko ta tambaye ki ciwon ido da abin da jikinki ba ya so. Ki nemi hoton aikinta na kusa, ido a rufe, ki ga ko sili-sili ne a ware. Wadda ta ce minti talatin ta gama, na dunƙule za ta sa miki ko me ta kira shi. Masu cewa za su sayo kaya a Balogun ko kasuwar Trade Fair ƙawa ta sa musu a gida, su sake karanta amsar gam.

Baƙin lalle ya taɓa ƙona ni. Laifin lallen ne?

Lalle na ganye ja yake yi, ko ja mai duhu, ba ya baƙi wuluk cikin rabin awa. Abin da muke kira dayis rinin gashi ne, yana da sinadarin PPD, wanda ba a yi shi don zama kan fata ba. Ƙunar ba ta fitowa ranar. Bayan kwana uku zuwa goma sai zanen ya taso, ya yi ruwa, ya bi fulawar da aka zana tiryan-tiryan, tabon ya yi watanni. Wadda ya taɓa yi wa haka, har ƙarshen rayuwarta duk sanda ta sa rinin gashi ma yana iya kumbura mata fuska, ta kiyayi rinin gira ma.

A nan sana'ata ce, kuma na san amare baƙi suke so don ya fito a hoto. Nakan ce, "Ƙanwata, bari in ɗiga miki kaɗan a cikin hannu, ki dawo bayan sati." In ta ce sauri take, ja nake yi mata. Jarirai kuwa ko jan ba na sa musu, domin akwai wani ƙarancin sinadarin jini na gado, G6PD, da ya yawaita a ƙasar nan, lalle na iya farfasa jinin yaron da ke da shi.

Zanen gira mai daɗewa fa, da ƙarin farce?

Zanen girar nan tsaga fata ake yi da ƙananan allurai a cusa launi, yana shekara ɗaya zuwa biyu, wani lokaci ya rikiɗe ya yi toka-toka ko ja. Tunda jini na fita, allurar da ba sabuwa ba na iya ɗauko ciwon hanta. Mai fatar da tabo ke tudu, irin wadda hujin kunne ya yi wa ƙullutu, ta nisance shi. Malamai da yawa kuma suna sa shi a sahun zanen jiki da aka hana. Jagira ta ishe ki.

Farcen roba da jan farce mai bushewa da fitila suna rufe farce ruf, ruwan alwala ba ya isa, saɓanin lalle da launi kawai yake bari. In ya fara ɗagawa ruwa na kwanciya a ƙarƙashi, farce ya yi kore. A jiƙa a ruwan cire shi, kada a ɓalle.

An ba ni man haɗi na amare, an ce ba bilicin ba ne. In shafa?

In robar ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba lambar NAFDAC, kada ki shafa, ko wa ya haɗa. Man da zai sauya miki launi cikin sati biyu ba kurkum da madara ne suka yi aikin ba. Sinadarai ne masu ƙarfi: haidirokwinon, ko sitiroyid, ko makuri. A 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Ni a hannuna nake ganin sakamakon: nankarwa a damtse, koren jijiya a cinya, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, ƙuna a kumatu. Irin wannan fata in na ɗora mata halawa tare da gashin take tasowa, ko filastar da ake mannawa ƙarƙashin ido wajen ƙarin gashi tana iya saɓule ta. Makuri kuwa ƙoda yake taɓawa.

In kin daɗe kina shafawa, kada ki yanke rana ɗaya, fatar za ta yi bore. Ki ga likitan fata ya janye ki a hankali. Allurar fari da ƙarin ruwa a shagon kwalliya kuwa, ban yarda da su ba ko kaɗan. A Legas hukumar HEFAMAA ce ke rajistar wuraren kiwon lafiya, duk mai soka wa mutane allura ki tambaye ta takardarta.

Bikina saura wata biyu. Wanne zan fara, wanne zan bari ƙarshe?

Duk abin da jikinki bai taɓa sani ba, yanzu za ki gwada shi, ba satin biki ba. Saura sati shida ki yi gwajin gam da na lalle kamar yadda na faɗa a sama. In kin yanke shawarar sa gashin bayan kin ji ta bakin malaminki, ki sa gajere saura wata ɗaya, ki ga yadda za ki kwana da shi, ki ga ko angon ma yana so, don na sha ganin wanda ya ce a cire tun daren farko.

Dilka da turaren jiki da duk wani mai tururi ko maiƙo a gama su kafin a zo kan ido, in ba haka ba kuɗinki ya tafi a banza. Halawa saura kwana huɗu ko biyar, don jan fata ya kwanta. Gashin ido saura kwana uku, yadda in ya kumbura akwai sararin cirewa ya sauka kafin kamu. Kunshi saura kwana biyu. Ki sa a jakarki ɗan buroshi da auduga marar gashi, ki ba babbar ƙawarki lambar mai gyaran. Ranar rakiya za ki yi kuka, Umma na yi miki nasiha ba yadda za ki yi. Ki riƙa danna audugar a ƙasan ido tana shanye hawayen, kada ki murza da bakin mayafi.